Na haska fim ɗin da ya ci babbar kyauta a Berlin, mutum sha ɗaya suka kai ƙarshe. Ina na kuskure?

Malamin_Tarihi ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni malamin tarihi ne a wata sakandare a ƙasar Daura, kuma kuka na kawo muku, ba labarin nasara ba.

Tun bara nake da burin in riƙa haska wa ɗalibaina da samarin unguwa irin finafinan nan na gaskiya, wato dokumentari, waɗanda za ka ji a rediyo an ce sun ci kyauta a Jamus ko a Amurka, shi ke nan kuma ba ka ƙara jin ɗuriyarsu. Yaranmu sun haddace jaruman Indiya har da sunayen matansu, amma ka tambaye su ko sun taɓa zama sun kalli fim ɗin da ba wasa ake yi a ciki ba, sai su yi ta kallonka.

Ranar Asabar ɗin da ta wuce na gwada. Na ari majigi wurin abokina mai gidan kallon ƙwallo, muka ɗaure farin zanin gado a bangon ajin 'yan aji uku, na sayi fetur lita huɗu daga aljihuna, yara suka fito da bencina. Shugaban makaranta ya yarda bisa sharaɗin a watse kafin ƙarfe goma. Muka fara bayan sallar isha'i. Na ƙirga kawuna, mutum saba'in da 'yan kai, har da mai rake da ya biyo taro.

Fim ɗin da na zaɓa shi ne Dahomey na Mati Diop, wanda ya ɗauki babbar kyautar bikin finafinai na Berlin a 2024. Dalilina bai wuce biyu ba: gajere ne, bai kai minti saba'in ba, kuma darasina ne zalla. Labarin kayan tarihi 26 ne na masarautar Dahomey da sojojin Faransa suka kwashe a 1892, aka mayar da su Jamhuriyar Benin a watan Nuwamban 2021. Ana nuna yadda ake naɗe su a gidan tarihi a Paris, a saka a akwatunan katako, a loda a jirgi zuwa Kwatano. Na ce a raina, yau yaran nan za su ga abin da nake ta faɗa musu da alli.

To, akwai inda ake rufe akwatin da ke ɗauke da mutum-mutumin Sarki Gezo. Ana rufewa sai allo ya yi baƙi ƙirin, sai wata murya mai kauri ta fara magana da harshen Fon, kamar mutum-mutumin ne ke magana daga cikin duhu. Ni na san haka aka tsara shi. Jama'a ba su sani ba. Sai ihu ya tashi: "An ɗauke! An ɗauke!" Yaron da na ɗora kan janareto ya zabura da gudu ya je yana jijjiga waya, wani ya haska fitilar wayarsa cikin idon majigin. Kafin in shawo kansu an fara dariya, kuma kun san in dariya ta shiga taron yara, sai dai haƙuri.

Abin da ya ƙarasa mu shi ne muhawarar ɗaliban jami'ar Abomey-Calavi, wadda ita ce zuciyar fim ɗin. Matasa ne ke ta musu: wannan ya ce abin farin ciki ne, wannan ya ce cin fuska ne a dawo da 26 cikin dubbai, wata ta ce ita ko tarihin nata da harshen Faransanci aka koya mata. Magana ce mai daɗi ƙwarai. Amma yawancinta da Faransanci ake yi, fassarar Ingilishi tana gudu a ƙasan allo, zanin gadon kuma iska na kaɗa shi. Na miƙe ina fassarawa da ƙarfi, janareto yana danne ni. Ɗaya bayan ɗaya aka riƙa zamewa. Da aka gama, mu sha ɗaya ne, har da ni da maigadi.

Abin da ya hana ni jefar da abin gaba ɗaya shi ne maigadin nan. Muna kwance zanin sai ya ce, "Malam, shi wannan gunkin da aka mayar, ashe shi ma bai gane gidan ba?" Bai iya karatu ba, bai ji kalma ɗaya ta Faransanci ba, amma ya kama abin da fim ɗin ke nufi fiye da wasu 'yan ajina.

Don haka nake tambaya. Wanda ya taɓa yin irin wannan, yaya ya yi da matsalar harshe? Waɗanne finafinai ne za su riƙe mutanenmu? Kuma in faɗi gaskiya, kwafin da na haska wani ne ya tura min a filashi, ban san ta inda ya samo ba, abin yana ɗan damuna.

---

Dattijon_Tudun_Wada ya rubuta:

Wa alaikumus salam Malam. Ɗana, ka ba ni dariya har jikata ta leƙo ta ga ko lafiya.

Abin da kake nema ba sabo ba ne, mu da shi muka tashi. Muna yara motar majigi ta ma'aikatar yaɗa labarai takan zo garinmu, tun la'asar ana shela, da magariba a kafa allo a ƙofar gidan hakimi. A nan na ga Baban Larai, wanda ake koyar da noman auduga a cikinsa, da wasu na tsabta da rigakafi. Da yawa daga cikin abin da ake nuna mana ba da Hausa aka yi su ba, amma ba wanda ke tashi. Me ya sa? Akwai mutum guda riƙe da lasifika a gefen mota, shi ne fim ɗin. Ba ya fassara kalma da kalma. Yakan ce, "To jama'a ku dubi wannan, yanzu zai yi wauta." Ya saka wa mutanen ciki sunayen da muka sani, ya yi shiru inda ya kamata a yi shiru. In ya ga an fara hayaniya sai ya jefa wasa.

Kai ka tsaya kana bin rubutun ƙasan allo kamar mai karanta wasiƙa, dole su gudu. Ka kalli fim ɗin sau uku kai kaɗai kafin ranar. Ka san inda za ka yi magana. Kafin a kunna, ka ba su labarin a taƙaice, ka gargaɗe su cewa akwai inda allo zai yi duhu, ba wuta aka ɗauke ba. Ka ari makirfo, ka rage sautin fim ɗin in kana magana. Janareto kuma ka kai shi bayan gini da doguwar waya, ba a ajiye shi kusa da taro. Zanin ka ɗaure shi ta kusurwa huɗu, ka sa gora a ƙasa ta ja shi.

Sannan wani abu da zai yi maka amfani a aji: wani fim da aka ɗauka a Nijeriya, Daybreak in Udi, ya ci Oscar na dokumentari tun 1950. Turawan mulki ne suka yi shi a ƙasar Udi, kan gina gidan haihuwa. Ka nuna wa ɗalibanka shi wata rana su ga yadda ake ba da labarinmu lokacin da ba mu ke riƙe da kyamara ba.

---

Ɗan_Damagaram ya rubuta:

Salamu alaikum Malam, gaisuwa daga maƙwabta. Kai da ke Daura, ka tsallake abin da ke bakin ƙofarka ka tafi Kwatano.

Ka nemi fim ɗin Zinder na Aïcha Macky, wanda ya fito a 2021. Ita ƴar Damagaram ce, kuma da Hausa mutanen ciki suke magana, Hausar da ɗalibanka za su ji ba sai ka buɗe baki ba. An ɗauke shi a Kara-Kara, unguwar da tun asali aka ware wa kutare da waɗanda gari ya ƙi. Ta shiga cikin ƙungiyoyin samarin da muke kira "palais", masu ɗaga ƙarfe da faɗace-faɗace. Akwai Siniya Boy, wanda ƙungiyarsu ta laƙaba wa kanta sunan Hitler, yana ƙoƙarin mayar da abokansa masu aikin gadi don su sami halal. Akwai Bawo da ya bar harkar ya koma kabu-kabu, yana ba da labarin abin da ya aikata da bakinsa. Akwai masu fasa-ƙwaurin fetur daga iyakar Nijeriya, wanda ku mutanen Daura kun fi ni sanin hanyarsa. An nuna fim ɗin a bukukuwan Turai, ya karɓi kyaututtuka, amma ni abin da ya fi burge ni shi ne ba ta yi musu wa'azi ba, ba ta kuma wanke su ba. Ta bar su sun yi magana.

Na kalle shi da abokaina a fadarmu, a kan kwamfuta ƙarama, mu tara. Ba mu taɓa yin shiru haka ba, ko shayin ba a zuba ba sai da aka gama. Bayan nan muka kai ƙarfe ɗaya na dare muna gardama, domin ɗayanmu ya ce ta tona asirin gari a idon duniya, wani ya ce asirin da kowa ke gani kullum a bakin titi ba asiri ba ne.

Gargaɗi ɗaya: ba na yara ƙanana ba ne. Akwai tabon sara a jiki, akwai maganar fyaɗe da mata masu zaman kansu. Ƴan ajin ƙarshe da samarin unguwa, e. Ƴan aji ɗaya, a'a. Kuma ka fara nuna wa shugaban lakwal ɗinku shi kaɗai, kada ya gani a tsakiyar taro ya ji kunya.

---

Maman_Walida ta rubuta:

Malam sannu da ƙoƙari. Tambaya ɗaya: cikin mutum saba'in ɗin nan, mata nawa ne? Na san amsar. Bayan isha'i a filin makaranta, babu uban da zai bar 'yarsa. In kana son 'yan mata su gani, ka yi nasu daban ranar Asabar da hantsi a cikin aji, a toshe tagogi da barguna. Mu haka muka yi a ƙungiyarmu ta mata, a falon wata daga cikinmu.

Mun kalli guda biyu. Na farko na Aïcha Macky ɗin nan ne da ɗan'uwa ya ambata, amma wanda ta yi kafin Zinder, L'arbre sans fruit, wato bishiyar da ba ta 'ya'ya. Ya ci kyautar dokumentari ta AMAA, gasar finafinan Afirka, a 2016. Kan rashin haihuwa ne, kuma labarin kanta ne take bayarwa. Ba zan yi dogon bayani ba. Akwai wadda ta shekara goma sha biyu a gidan miji ba ta taɓa ko ɓari ba, tana zaune kusa da ni, ta ja mayafi ta rufe fuska har aka gama.

Na biyun shi nake so ka gwada wa taronka, saboda matsalar harshen da ka faɗa. Sunansa Honeyland, daga Masedoniya ta Arewa, 2019. Wata mata ce, Hatidze, a wani ƙauyen duwatsu da kowa ya watse ya bari, ita da tsohuwar mahaifiyarta da ke kwance. Sana'arta zuma. Tana hawa dutse ta buɗe inda ƙudan zuma suke, kuma ƙa'idarta ita ce ta ɗebi rabi ta bar musu rabi. Sai wani mai shanu ya sauka kusa da ita da matarsa da 'ya'ya bakwai. Ta koya masa sana'ar da zuciya ɗaya. Wani ɗan kasuwa ya matsa masa lamba, ya kwashe zumar duka, ƙudansa da suka rasa abinci suka far wa nata.

Ka ga wannan ai ba ya buƙatar tafinta. Duk wanda ya taɓa ganin amya a kan bishiya, ko ya zauna da maƙwabci mai haɗama, ya gane. Ma fi daɗi, su kansu waɗanda suka ɗauki fim ɗin ba sa jin irin Turkancin da mutanen ke yi, shekara uku suna ɗauka, kuma da hoto suka fara harhaɗa labarin kafin a fassara musu maganganun. Shi ya sa ido kaɗai ya isa. Ya ci kyaututtuka uku a bikin finafinai na Sundance a Amurka, ya kuma shiga takarar Oscar a rukuni biyu, ko da yake bai ci ba.

Kakata da ba ta taɓa shiga aji ba ta kalla tare da mu. Da mutumin ya fara kwashe zumar sai ta ce, "Wannan ba zai ga da kyau ba." Tun daga nan take yi masa faɗa har ƙarshe.

---

Mai_Tace_Hoto ya rubuta:

Malam, ni aikina haɗa hoto ne a Kano, don haka bari in taɓa maganar filashin, tunda kowa ya tsallake ta.

Damuwarka tana kan hanya. Kallo a ɗakinka daban, tara jama'a daban, ko da ba ka karɓi ko sisi ba. Mu da muke kuka kullum ana tura aikinmu a waya kyauta, bai kamata mu yi wa wasu haka ba. Kuma masu dokumentari sun fi mu shan wahala, wani sai ya shekara biyar kan fim ɗaya. Abin da mutane ba su sani ba shi ne neman izinin bai kai wahalar da ake zato ba. Kusan kowane fim yana da kamfanin da ke rarraba shi, da adireshin imel a shafinsa. Ka rubuta gajeriyar wasiƙa: kai malami ne, ga garin, ga yawan mutanen, ba kuɗin shiga, sau ɗaya za a nuna. Wasu za su nemi kuɗi, wasu za su rage, wasu ba za su amsa ba. Daraktocin Afirka kuwa sau da yawa abin da suke nema ke nan, a ga aikinsu a gida. Netflix ma ta ba da izinin nuna wasu daga cikin dokumentarinta a wuraren ilimi, in dai kyauta ne. Ka duba AfriDocs kuma, dandalin nuna dokumentari ne da aka kafa don masu kallo a Afirka. In taron zai wuce ɗalibai ya zama na gari, ka sanar da mai unguwa, ka kuma tambayi hukumar da ke kula da harkar finafinai a jiharku abin da ake buƙata, a rubuce.

Sannan akwai fim ɗin da kai kanka ya kamata ka kalla kafin kowa: Talking About Trees na Suhaib Gasmelbari, ɗan Sudan, wanda ya ci kyautar dokumentari a Berlin a 2019. Dattawa huɗu ne masu shirya fim, Ibrahim Shaddad da Suleiman Ibrahim da Manar Al-Hilo da Altayeb Mahdi. Sun yi karatun fim a ƙasashen waje, wani a Jamus, wani a Masko, wasu a Alƙahira. Sun kafa ƙungiyarsu a 1989, shekarar da Al-Bashir ya yi juyin mulki, harkar silima ta mutu a ƙasar. Da tsufansu suka ɗauki aniyar farfaɗo da wata tsohuwar silima marar rufi a Umdurman. Za ka gan su suna share ƙura, suna wanke allo, wuta na ɗaukewa, suna lissafin yadda za su yi da lasifikokin masallatan da suka kewaye wurin, suna yawo daga ofis zuwa ofis neman takarda. Izinin bai fito ba. Amma dariyar da suke yi wa junansu a cikin wahalar, ita ce fim ɗin. Da na karanta labarin zanin gadonka su na tuna. Mu nan Kano da muka ga yadda gidajen silima irin su El Dorado suka zama tarihi, fim ɗin yana taɓa mu ta wani wuri daban.

---

Sai_An_Gwada ya rubuta:

Ni fa ban yarda da wannan rawar kan da ake yi wa kyauta ba. Su waye alƙalan? Turawa ne a Berlin da Amurka. Me suke so su gani daga wurinmu? 'Yan daba, yaƙi, fari, mace tana kuka. Ka yi fim kan ɗan kasuwar Kantin Kwari da ya fara da talla ya gina masana'anta, ka ga ko za su ba ka ko kofin shayi. Malam, kada ka tara yara ka koya musu kallon kansu da idon baƙo.

---

Malamin_Tarihi ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Dattijo, Allah ya ƙara lafiya, na karɓi gyara. Mai karanta wasiƙa, wallahi haka na yi.

Ɗan'uwa Sai_An_Gwada, maganarka akwai ƙamshin gaskiya, kuma ni ma takan zo min. Amma ka dubi waɗanda aka lissafa a nan. Aïcha Macky garinsu ta ɗauka. Gasmelbari dattawan ƙasarsu ya ɗauka, kuma ba kuka suke yi ba. Ɗaliban da ke cikin Dahomey kuwa, abin da ka faɗa ɗin nan shi suke faɗa, da zafi fiye da naka, a cikin fim ɗin da Turawan suka ba kyauta. Ni kyautar ba ita ce hujjata ba, ita ce dai ta sa na ji sunan fim ɗin har na neme shi. In na haska, zan karanta wa yaran tambayarka su yi ta musu a kai, don ta fi wadda na shirya.

Hajiya Maman Walida, mata uku ne, kuma dukkansu 'ya'yan malamai ne da ke zaune a cikin makaranta. Na ji kunya. Na yi magana da malamar da ke kula da 'yan mata, ta ce za ta tsaya a yi nasu da hantsi.

Ga inda na tsaya. Honeyland zan fara nema, in riƙe makirfo da kaina. Zinder sai bayan jarrabawa, 'yan ajin ƙarshe kawai, bayan shugaba ya gani. Daren jiya na rubuta wasiƙu biyu na neman izini, ɗiyar yayana ta gyara min Ingilishin. Filashin kuma na mayar wa mai shi.

Saura abu ɗaya. Abokina ya ce ba zai ƙara ba ni majigi ranar Asabar ba, saboda ranar ƙwallo ce, ya yi asarar ciniki a wancan karon. Ɗan Damagaram, ko wani da ke kusa, akwai wanda ya san inda ake ba da hayar majigi tsakanin Daura da Katsina, mai hasken da zai iya da aji da rana?